Bayan "Ki Yi Haƙuri", Sai Me?

A zangon farko na bana, wata 'yar ajinmu ta dawo lakca tana da kwana 23 kacal da haihuwa, saboda akwai gwaji biyu a gabanta kuma ba ta son ta maimaita kwas a shekarar ƙarshe. Muka yi mata barka, muka yi ta karɓar jaririya muna ɗaukar hoto. Wata Laraba bayan Azahar na koma masallacin mata in ɗauko jakata, sai na tarar da ita a kusurwa ta haɗa kai da gwiwa. Na ce, "Mai jego, lafiya?" Ta daɗe ba ta tanka ba. Can ta ce, "Ƙawata, ni fa ina jin hauka zan yi. Da na rufe ido sai in ga kamar yarinyar nan ta daina numfashi. Sau goma nake tashi cikin dare in kara kunnena a hancinta. Gabana faɗuwa yake yi ba dalili."

Na tambaye ta ko ta gaya wa wani. Ta ce mutum huɗu ta gaya wa. Mahaifiyarta ta ce ta yi haƙuri, kowace mace da haka ta saba. Maigidanta ya ce, "To me kika rasa a gidan nan?" Gwaggonta ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Mai kemis ɗin unguwarsu kuwa ya ƙirgo mata ƙwayar barci ya ƙulle a leda. Babu mugu a cikinsu. Kowa dai gefe guda ya kama, ya ɗauka shi ke nan ciwon.

Da izininta nake ba da wannan labarin, na kuma sakaya sunanta. Ita ce ta sa na zauna na bi diddigin abin da masana ke nufi idan suka ce a kula da mace ɗungurungum, wato a duba jikinta, da tunaninta, da gidan da take zaune, da imaninta, duka a tare.

Yaushe damuwa take zama ciwo?

Kowa yana damuwa. Wanda bai taɓa jin faɗuwar gaba ranar da aka kafe sakamako ba, to ba ɗalibi ba ne. Irin wannan tana zuwa da dalili, tana kuma wucewa da shi. Ta zama ciwo ne idan ta zauna daram, ta hana barci, ta hana cin abinci, ta hana karatu da mu'amala da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, mata sun fi maza yawa a ciki, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

A wajen mai jego, likitoci sun raba abin gida uku, kuma sanin bambancinsu yana iya ceton rai.

Na farko shi ne ƙuncin kwanakin farko. Kwana biyu ko uku bayan haihuwa sai mace ta riƙa kuka ba dalili, abu kaɗan ya ɓata mata rai. Wannan yana samun mata da yawa, domin sinadaran da suka riƙe ciki suna sauka ne gaba ɗaya bayan fitar mabiyiya. Yakan wuce da kansa kafin sati biyu.

Na biyu shi ne ciwon damuwa da fargabar jego. Idan sati biyu ya wuce abin bai tafi ba, ko ma ƙaruwa yake yi, to an shiga wani babi. Mace ba ta jin daɗin komai, ba ta iya barci ko da jariri ya yi, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, ko tsoro ya cika ta kamar na ƙawata. A ƙasashe masu tasowa irin tamu, hukumar ta ce kusan mace ɗaya cikin biyar na shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Ki ƙirga matan auren da ke ajinku ki gani.

Na uku shi ne ruɗewar jego, wadda kan sami mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, galibi a sati biyun farko. Mace ta riƙa surutai, tana jin muryoyi, tana ganin abin da ba a gani, ta kwana biyu ko uku ba barci. A nan ne aka fi cewa aljanu ne, a yi ta ɓata lokaci. Wannan na gaggawa ne kamar zubar jini: a kai ta asibiti a ranar, kar a bar ta ita kaɗai da jariri. Ana warkewa.

Akwai kuma wani abu namu da ke ɓoye ciwon. A al'ada, mace tana kunyar ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kiran sunansa. To idan ciwo ne ya sa ta kasa jin komai game da jaririn, sai a ce ai kara ce take yi, har a yaba mata.

Kula da mutum ɗungurungum

Wasu na jin wannan magana sai su ɗauka ana nufin a bar asibiti a koma saiwa da turare. Ba haka ba ne. A 1977 wani likitan Amurka mai suna George Engel ya yi rubutun da ya shahara a duniyar likitanci, inda ya ce ciwo ba ya tsayawa a jiki kawai, dole likita ya haɗa da tunanin majiyyaci da yanayin rayuwarsa. Fiye da shekara dubu kafin shi, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan kula da jiki da rai a tare, har ya bambanta baƙin ciki mai dalili da wanda ke faɗo wa mutum ba tare da dalili ba.

Mu ma a Najeriya muna da namu gwanin. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majiyyata, sai aka sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya a ƙarƙashin kulawar asibiti. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ke nan wannan ba baƙon ra'ayi ba ne da aka kwaso daga intanet.

A fara da jiki

Kafin a ce wa mai jego tunani ne ya yi mata yawa, a gwada ta. Ƙarancin jini yana kawo kasala da jiri da bugun zuciya, kuma mace da ta zubar da jini wajen haihuwa tana cikin haɗarinsa. Akwai kuma halittar nan ta maƙogwaro wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Takan rikice a watannin bayan haihuwa, ta kawo rawar hannu da zufa da fargaba. Gwajin jini ne ke nuna su.

Wanda ya fi shafarmu a Arewa shi ne ciwon zuciyar jego. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawansa a tsakanin matan Hausawa, suka kuma yi zargin cewa yawan kunun kanwa, wadda ke cike da gishiri, da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta suna ƙara wa zuciya nauyi. Alamominsa su ne haki, kasa kwanciya a miƙe sai an tara filo, tari cikin dare da kumburin ƙafa. Mai irin wannan ba lallashi take buƙata ba, asibiti za a kai ta.

Sai barci. Wallahi rashin barci kaɗai ya isa ya birkita mai lafiya, kowa ya gani a satin jarrabawa. Idan aka samu wanda zai riƙe jariri na wasu awanni mace ta yi barci a jere, an yi babban aiki. A nan al'adarmu ta zuwa wanka gida ta yi dabara: kwana 40 mace ba ta girki, ba ta wanki, tana gaban mahaifiyarta. Matsalar ita ce ɗaliba ba ta samun wannan, domin jadawalin jarrabawa bai san arba'in ba.

Motsa jiki ma magani ne. Shawarar hukumar ita ce mai ciki ko mai jego da ba ta da wata matsala ta samu minti 150 a sati, wato tafiyar minti 30 sau biyar. Idan kuma gaba ya fara faɗuwa, ki zauna, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, ki maimaita na 'yan mintuna. Jinkirta fitar numfashi yana rage gudun zuciya.

Idan abin ya yi tsanani, likita na iya rubuta magani, kuma akwai waɗanda ake ba mai shayarwa. Sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, ba a kuma daina su rana ɗaya ba tare da shawarar likita ba.

Sai tunani

"Magana kawai za ta warkar da ni?" Haka ƙawata ta tambaya. E, idan an yi ta bisa tsari. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun koya wa ma'aikatan lafiya mata na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba ne, yadda za su zauna da masu ciki da ke fama da ciwon damuwa. Mata fiye da 900 aka bi. Wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan zama ne suka rage da ciwon, alhali a ɗaya rukunin kashi 53 ne. An buga sakamakon a 2008, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa don sauran ƙasashe.

Tsarin mataki uku ne. Ki gane tunanin da ke cutar da ke. Ki auna shi, ki musanya shi da wanda ya fi kusa da gaskiya. Sannan ki yi ta aiki da sabon har ya zauna. Misali, jariri ya ƙi yin shiru, sai zuciya ta ce, "Ni ban iya komai ba, ko ɗana ban iya rarrashi ba." Sai ki tambayi kanki: wa ya ba shi nono sau takwas jiya? Wa ta kai shi rigakafi? Akwai jaririn da ba ya kuka? Daga nan tunanin ya koma, "Na gaji ne, bari in miƙa shi in huta." Ana bin wannan a fanni uku: lafiyar uwar, tsakaninta da jaririnta, da tsakaninta da mutanen gida.

A Zimbabuwe kuma, Dakta Dixon Chibanda ya fara wani shiri a Harare a 2006. An ajiye benci a harabar ƙananan asibitoci, aka horar da tsofaffin mata su zauna su saurari mai damuwa, su taimaka mata ta jero matsalolinta, ta zaɓi guda ɗaya da za ta iya tunkara a wannan satin. A harshen Shona sunan ciwon yana nufin "yawan tunani", daidai yadda muke faɗa. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun samu sauƙi sosai fiye da waɗanda ba su zauna ba. Kakanni fa! Muna da su a kowane gida. Bambancin shi ne an koya wa waɗancan su saurara har ƙarshe kafin su ce komai.

Gida da maigida

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo damuwar jego akwai rashin mataimaki, rikicin aure, duka ko zagi, talauci, ɓari ko rasuwar jariri a baya, da kuma gorin haihuwar mace. Idan aka ba mace magani ta koma gidan da ba mai ɗaukar mata ko tsinke, an yi aikin baban giwa. Shi ya sa a wannan tsarin ake kiran miji, wani lokaci har da uwar miji, a yi musu bayani.

'Yan uwana maza, ku ne angwayen gobe, wasunku ma tuni. "Me kika rasa?" ba tambaya ba ce, rufe baki ce. Buhun shinkafa a sito ba ya hana wannan ciwo. Gwada cewa, "Gaya mini yadda kike ji," sannan ka ajiye waya. Karɓi yaron bayan Asuba ta yi barcin awa biyu. Raka ta asibiti. Mutuncinka ba zai ragu ba.

Ke kuma 'yar uwa, maigida ba ya duba. Maimakon "Kai ba ka damu da ni ba," wadda ƙarshenta faɗa ne, ki faɗi abu guda takamaimai: "Ina da gwaji ranar Litinin, ina so ka riƙe ta daga Magariba zuwa Isha." Amma a yi hattara: inda ake duka ko barazana, ba gyaran lafazi ake buƙata ba. Wannan maganar tsira ce, sai manya da hukuma sun shigo.

Wannan bai tsaya ga matan aure ba. 'Yan mata nawa ne a hostal ba sa barci saboda saurayin da ke binciken wayarsu, ko saboda gorin "har yanzu ba ki fitar da miji ba" duk hutun da suka je gida? Soyayyar da kullum gabanki ke faɗuwa idan waya ta yi ƙara, ki zauna ki sake dubanta.

Addini

Salla da addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, haka 'yan uwanmu Kirista ke samun natsuwa a addu'arsu da zumuntar mata. Babu likitan kirki da zai ce ki bari. Kuskuren shi ne a ce wa mai ciwo rashin tawakkali ne ke damunta, sai a ɗora mata jin laifi a kan ciwo. Mai hawan jini yana addu'a yana shan maganinsa, ba wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni. A yi addu'a, a je asibiti, duka a sati guda, ba sai ɗaya ya gaza ba.

Tarkon da ke hanya

Inda aka rasa mai saurare, kwalba ce ke saurare. Binciken shan ƙwayoyi da aka yi a Najeriya a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya, ɗaya mace ce. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Da yawa ba don iskanci suka fara ba, barci suke nema. Kodin da tiramadol da ƙwayoyin barcin da ake saya ba takardar likita suna kama mutum, wasunsu kuma suna bi ta nono su isa ga jariri.

Haka masu tallar haɗi a Instagram da TikTok, kwalba ɗaya wai tana maganin damuwa da sanyi da mallakar miji. Duk wanda ya ce ki zubar da maganin asibiti ki sayi nasa, kasuwarsa yake ci.

Ina za a dosa?

Fara da inda kika yi awo, ko asibitin makaranta. Ki gaya wa nas ko ungozoma a fili: "Ba na barci, kuma tsoro nake ji kullum." Akwai takardar tambayoyi 10 da aka ƙirƙiro a Edinbura a 1987 don gano damuwar jego, minti biyar ake cika ta. Idan ana buƙatar ƙwararru, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika. Zuwa can ba ya nufin hauka. Tun Janairun 2023 ma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma hana nuna wa majiyyaci bambanci.

Idan kuwa mace ta fara cewa gara ta mutu ta huta, ko tana jin za ta cutar da kanta ko jaririnta, kar a ce wasa take yi, kar a jira gobe.

Namu aikin

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mu a ajinmu abin da muka yi ba shi da yawa. Mutum uku muka raba kwafar mata darasi. Ɗaya ta raka ta asibiti, aka gano jininta ya yi ƙasa ƙwarai, aka ɗora ta a kan magani, aka kuma haɗa ta da mai ba da shawara. Yayarta ta zauna da maigidan ta yi masa bayani, shi kuma, Allah ya saka masa, ya ɗauko ƙanwarsa ta zo ta zauna da su. Ba a kwana ɗaya ta warware ba, ya ɗauki watanni, kuma har yanzu akwai ranakun da sai a hankali. Amma tana barci, kuma tare muke rubuta furojet.

Ina roƙon shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai, musamman masu kula da walwala, su ɗauki abu uku zuwa gaban hukumar makaranta: ɗaki guda mai tabarma da fanka inda ɗaliba za ta shayar, maimakon gindin bishiya, bayyanannen tsari na ɗage gwaji ga wadda ta haihu a tsakiyar zango, da kuma rana guda a sati da mai ba da shawara mace za ta zauna don ɗalibai mata, cikin sirri.

Kafin nan, ki duba bencin baya na ajinku. Idan akwai mai goyon da ta yi shiru kwanan nan, kar ki tsaya a "Ya baby?" Ki tambaye ta, "Ke fa, kina samun barci?" Sannan ki zauna ki ji amsar.